Alkasim Mai Allurar Dabba da Daminar da Tumaki Suka Yi Ɓari

Da an sallame sallar asuba a Dungas, Malam Alkasim ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Gida yake wucewa, ya tarar matarsa Yakura ta hura masa gawayi, ya ɗora wata 'yar tukunyar ƙarfe da ba a taɓa dafa abinci a cikinta ba. Allurai yake tafasawa. In sun tafasa ya jera su kan farin ƙyalle, ya ciro kwalaben magani daga randar da ya binne a ɗaka don sanyi, ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa. Kafin rana ta yi zafi ya kai Dogo-Dogo, ko wata ruga a bayan Waca, inda shanu ke jiransa cikin shinge. Inda yashi ya fi ƙarfin mobilet sai ya sauka ya tura. In turawar ma ta gagara, ya jingine ta gindin gawo ya ari jaki.

Shekara talatin ke nan yana wannan. Ya fara a 1949 yana mai riƙe wa ma'aikatan dabba ƙahon shanu, ba ya ko iya rubuta sunansa da boko. Daga baya aka ga hannunsa, aka tura shi koyo, ya dawo da allura tasa. Mutanen karkara Likita suke ce masa, shi kuwa bai taɓa amsawa ba tare da gyara ba. "Likita yana Damagaram," in ji shi, "ni mai allura ne." A ƙarshen wannan wata na sha biyu, 1979, zai aje aiki. Ba a shirya masa biki ba, ba kuma wanda zai rataya masa lambar yabo. Shi ya sa muka ga ya kamata a faɗi abin da mutumin nan ya yi tun yana raye, yana jinmu da kunnensa.

Makiyaya za su ba ka labarin shekarun allurar bushiya, annobar nan mai kashe shanu, lokacin da yake wuni tsaye cikin garke har ƙafafunsa su kumbura. Wani zai ce maka ya taɓa zura hannu har kafaɗa ya juya ɗan maraƙi a cikin saniyarsa, aka samu uwa da ɗa. Duk gaskiya ne. Amma abin da ya faru a Kwarin Baushe daminar bara ya sha bamban, kuma har yau in mutanen garin suna ba da labarin sai ka ga sun rage murya.

Kwarin Baushe ƙauye ne a gabas da Dogo-Dogo, a bakin wata fadama. Kafin babban farin nan na 1973, fadamar kurmi ce ta kanya da goriba da baushe. Ruwan sama yakan kwanta a cikinta 'yan makonni, ƙasa ta shanye. Da damina ta faɗi, dabbobin gari duka sukan bi burtali su hau tudu, tafiyar sa'a guda, can suke kwana har a yi girbi. Haka kakanni suka bari, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Fari ya zo ya wuce da abin da ya wuce da shi. Mutane suka gangaro daga arewa ba su da ko akuya, mai gari Baffa ya ji tausayinsu ya yanka musu gonaki a kan tudun kiwo. 'Yan gari ma suka faɗaɗa nasu, burtali ya yi ta tsukewa har ya ɓace cikin gero. A fadama kuma aka sare itatuwa, samariya, ƙungiyar matasan gari, ta yi gayya aka tayar da madatsar ƙasa don ruwa ya tsaya har rani, kowa ya haƙa rami a garkarsa. Aka shuka rake da rogo da albasa. Malam Alkasim yana wurin ranar gayyar, da shebur a hannunsa. Shi ne ma ya tsaya gaban jama'a ya ce ganyen rake da ɓawon rogo za su riƙe dabba da rani. Kuma abin ya yi amfani, wannan ba wanda zai musa. Shekara uku ba gidan da ya kwana da yunwa a garin. Sai dai dabbobi ba su da sauran wurin zuwa. Kowa ya kafa turke a bayan gidansa, daf da bakin ruwa.

Daminar 1978 ta zo da ruwa mai yawa. Madatsa ta cika ta tumbatsa, ruwa ya malala cikin ramuka da tsakanin kunyoyin rake, ya kwanta iya idon sawu har gindin dangogi. A farkon watan tara Malam Alkasim ya je garin ya yi wa tumaki da awaki allurar rigakafin saifa, kamar yadda ya saba kowace shekara. Ya sha fura a gidan mai gari, ya koma Dungas.

Kwana goma sha biyu bayan nan, da hantsi, wata dattijuwa ta yi sallama a ƙofar biro ɗinsa, wato ofishinsa. Mero ce, gwauruwa daga Kwarin Baushe, wadda ta tara tumaki da awaki tara ɗaya bayan ɗaya tun bayan fari. Da ƙafa ta zo. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta sauke ƙwarya daga kanta, ta ɗage faifan da ta rufe ta da shi.

"Malam Alkasim, duba mini."

'Yan raguna ne uku, ba su yi gashi ba, jajur.

"Na tunkiya ɗaya ne, Iya?"

"Uku. Jiya tsakanin azahar da la'asar. Yau da safe akuya biyu suka bi su. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Garin ne duka."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗora ta bayan mobilet suka kama hanya.

Tun kafin su shiga gari ya hango ungulaye jere a kan katangu. Ya faɗa mana cewa a shekara talatin ya ga saifa, ya ga bushiya, ya ga dabba ta faɗi don yunwa, amma bai taɓa shiga gari ya tarar kowace mai ciki ta zubar a mako guda ba. Gida na farko ɓari biyu. Na biyu shida. A na uku saniya ce kwance, ɗan maraƙin da bai isa haihuwa ba yana gefenta. Waɗanda aka haifa da rai kuwa ba sa kwana biyu, sai su ƙi nono, su sunkuyar da kai, su mutu. Ya durƙusa ya farke cikin wani ɗan rago da bai daɗe da mutuwa ba. Hantar ta yi ɗorawa, ya taɓa ta da yatsa ta dagargaje kamar dafaffiyar kabewa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon yatsansa, bai san sunan abin da yake gani ba.

Da ya ɗaga kai sai ya ga an kewaye shi. Mutanen da ya sani tun suna yara, waɗanda ya sha ruwa a gidajensu, sun tsaya suna kallonsa. Ya yi musu sallama, mutum biyu ne kawai suka amsa. Mai gari Baffa ya matso, dattijo ne da ba a san shi da ɗaga murya ba.

"Malam Alkasim, tsakaninka da Allah, me ka zuba wa dabbobinmu?"

"Ranka ya daɗe, allurar da nake yi kowace shekara ce."

"Kowace shekara ba mu ga haka ba. Ka zo, ka yi allura, ka tafi. Ga abin da ya biyo baya."

Wani daga baya ya ce a ƙwace jakarsa a ƙona. Baffa ya ɗaga hannu aka yi shiru, amma bai ce masa ya zauna ba, ba kuma wanda ya kawo masa ruwa.

Abin da ya fi tayar masa da hankali a hanyar komawa shi ne, shi kansa bai tabbata ba su yi gaskiya ba. Ranar allurar an yi rana mai zafi. Ko buhun ya bushe bai lura ba, maganin ya lalace? Ko kuwa allura ɗaya ba ta tafasa ba, ya ɗauki ciwo daga wata dabba ya raba wa gari da hannunsa? Ya isa gida Yakura ta ajiye masa tuwo, bai ko buɗe ba. Ta zauna ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce:

"Malam, kwalbar nan, su kaɗai ka yi wa da ita?"

Can sai ya tuna. Ranar, da ya gama da gari, akwai saura a kwalbar, sai ya hau tudu wurin Kellu.

Kellu Bamangiya ce, ita da mijinta suna zaune a ɗan abin da ya rage na tudun kiwo, wani fako mai tsakuwa da ba wanda ya so nomawa. An sha ce mata ta gangaro kusa da ruwa ta huta da jan guga, ta ƙi. Washegari Malam Alkasim ya hau wurinta. Ya tarar da awakinta ashirin da 'yan kai suna tuƙa, masu ciki da cikinsu, 'yan ƙanana suna tsalle. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba ido, yana taɓa kunne. Lafiya lau.

"Ba ko ɗaya?"

"Ko tari," in ji Kellu. "Me ya faru da na ƙasa?"

Ya zauna a wurinta har magariba, iska tana kaɗawa, ko sauro ɗaya bai ji ba. Kashegari ya koma cikin gari, ya shanye kallon da ake yi masa, ya bi gida-gida yana tambaya. Ya sami gidaje huɗu da suka ɓoye dabbobinsu ranar allura, ba a yi musu ba, su ma sun yi ɓari. Da rana ta yi ja ya roƙi Mero ta bar shi ya zauna a turkenta. Ruwa na kwance taku goma daga wurin, ya leƙa ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil kamar an watsa gero. Rana na faɗuwa suka taso. Ya ce da farko ya zaci hayaƙi ne ke fitowa daga cikin rake. Suka rufe kunnuwan tumaki, da hanci, da hantsa, dabbobin suna buga ƙafa suna jan igiya ba wurin gudu. Ya shafa tafin hannunsa sau ɗaya a cikin wata tunkiya, ya ɗago shi jajur da jini.

"Innalillahi," in ji Mero. "Kullum haka suke kwana?"

"Ke za ki gaya mini, Iya."

"Mu da magariba ɗaki muke shigewa mu turara hayaƙi. Wa ya taɓa tsayawa ya duba?"

Kai ne ka tsaya ka duba, Alkasim. An ce kai ka kashe musu dukiya, kana iya komawa biro ka rubuta takarda ka ce mutanen ƙauye jahilai ne, ba wanda zai tuhume ka. Maimakon haka ka koma garin da aka ƙi amsa maka sallama, ka zauna a ƙasa cikin kashin tumaki, sauro na cin ka tare da su, don ka ga abin da suke gani.

Ana cikin haka abin ya tsallaka kan mutane. Bukar, mahaucin garin, ƙaƙƙarfan mutum mai 'ya'ya biyar, shi ake kira ya yanka duk dabbar da ta kwanta don kada ta zama mushe. A mako guda ya yanka fiye da talatin. Zazzaɓi ya kama shi, aka ce na damina ne. Kwana na huɗu idanunsa suka yi ɗorawa, na biyar jini ya ɓalle masa ta hanci, kafin a samo amalanken da za a kai shi likita ya cika. Mata uku da suka jawo 'ya'yan ɓari da hannunsu suna kwance da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Gari ya ruɗe. Wasu suka fara ɗaure kaya.

Bayan an dawo daga jana'izar Bukar, Malam Alkasim ya nemi mai gari ya tara jama'a. Baffa ya yarda, ba don ya huce ba, sai don ba shi da wata dabara. Aka taru a ƙofar gidansa. Malam Alkasim bai yi dogon jawabi ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da kara ya ce wannan fadama ce, ya zana gidaje, ya tara ƙasa can gefe ya ce wannan tudu ne. Ya zube tsakuwa daga aljihunsa.

"Duk wanda dabbarsa ta yi ɓari, ya ɗauki ɗaya ya ajiye inda turkensa yake."

Aka yi ta jan ƙafa, sai Mero ta fara. Wasu suka bi. Da aka gama, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Tsakuwa ta yi jerin gwano a bakin layin fadama, ta yi tsibi a unguwar da ke kusa da madatsa, tana raguwa in an yi sama. A kan tudu ba ko ɗaya. Kellu, da ya roƙa ta gangaro, ta ce da bakinta kwalba ɗaya aka yi wa nata da na gari, ita ta riƙe masa ita ma. Masu gidaje huɗun nan da suka ɓoye dabbobinsu suka sunkuyar da kai, ɗayansu ya ce gaskiya ne, allura ba ta taɓa nasa ba.

"To in ba allura ba ce, mene ne?" in ji Baffa.

"Ranka ya daɗe, ina zaton sauro ne ke ɗaukar ciwon daga wannan dabba ya kai wa waccan. Wanda ya taɓa jininsu ko ruwan haihuwarsu kuma ya ɗauka. Da, damina ba ta samun dabbobinmu a nan, suna tudu. Ruwan fadama kuma ba ya daɗewa. Yanzu mun tsayar da ruwa, mun noma tudu, mun ɗaure su a bakin sauro." Sai ya ƙara da cewa, "Na ce mun, don da ni aka yi. Ni na tsaya a nan na ce a yi madatsa. Na yi tunanin abin da dabba za ta ci, ban yi tunanin inda za ta kwana ba. Wannan laifina ne, ban ɓoye ba."

Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa jin ma'aikacin gwamnati ya ce laifinsa ne ba.

Sai ya faɗi abin da yake so, kuma nan ne hankalin kowa ya tashi. A kwashe dabbobin da suka rage a kai su fakon Kellu, yau, ba gobe ba. Amma ba hanya. Burtali ya zama gonaki, kuma gonar da ke bakinsa, wadda ba yadda za a yi garke ya wuce sai ta cikinta, ta mai gari ce. Geronta ya fitar da kai, saura mako uku a girbe. Baƙin da aka ba gonaki a tudu suka fara gunaguni, suna zaton korarsu za a yi. Malam Alkasim ya ce ba wanda za a kora, faɗin taku ashirin kawai ake nema daga gari zuwa fako.

Baffa ya dube shi. "Kana da tabbas?"

"Ba ni da shi, ranka ya daɗe. Ban ga ciwon da idona a cikin sauro ba. Abin da na gani shi ne wannan." Ya nuna tsakuwar. "In na yi kuskure, an yi asarar gero. In ban yi ba kuma muka zauna, ban san wa zai bi Bukar ba."

Mai gari ya shiga gida. Aka zaci an tashi ke nan. Sai ga shi ya fito da adda, ya wuce ta tsakiyar jama'a, ya nufi gonarsa. Mutane suka bi shi. Ya tsaya a bakin kunya ta farko, ya yi bisimilla, ya sare karan gero ɗanye.

Sai wanda ya ga 1973 zai san nauyin wannan. Mutanen da suka tona gidan tururuwa neman hatsi, suka binne 'ya'yansu saboda yunwa, ga su tsaye suna kallon ana sare gero mai kai, shekara biyar kacal bayan haka. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Wani dattijo ya juya baya don kada ya gani. Baffa bai tsaya ba sai da ya yi taku goma, sannan ya waiwayo ya ce, "Ni kaɗai zan yi?" Masu gonakin gaba suka je suka ɗauko nasu addunan. Kafin la'asar hanya ta buɗe, dabbobin Kwarin Baushe suka hau tudu a karo na farko cikin shekara huɗu.

Kwanakin da suka biyo baya Malam Alkasim bai koma Dungas ba. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne matattun da toka. Ya hana yanka dabba marar lafiya, ya hana taɓa ɗan ɓari da hannu, sai da itace ko shebur. A tudu aka riƙa hura kashin shanu da ɗanyen ganye ta inda iska ke busowa. Aka fasa wa madatsa baki a gefe guda, ruwan da ya malala ya janye, aka bar mai zurfin, aka cike ramukan da ba a amfani da su. Ya ɗebi jinin dabbobi cikin 'yan kwalabe, ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya ba direban kamyo, babbar motar kaya, ya kai wa manyansa a Damagaram.

Kada a zaci ciwon ya tsaya nan take. Waɗanda sauro ya riga ya ciza suka ci gaba da zubarwa a kan tudun ma. Kwana na uku aka sake jin maganganu, an sare gero a banza. Kwana na huɗu Malam Alkasim yana tsaye yana nuna inda za a haƙa rami, sai ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Shi da ya hana kowa taɓa jini, ya manta cewa tun ranar farko da hannu tsirara ya farke ɗan ragon nan, da wasu bayansa. A amalanke aka kai shi gida. Kwana goma Yakura tana jiƙa zane tana shafa masa, anfirme, ma'aikacin jinya, na zuwa safe da yamma, ba wanda ke faɗin sunan Bukar amma kowa shi yake tunani. Allah ya yi da sauran kwana. Sai dai da ya tashi, ya ce mata akwai wani baƙin abu a tsakiyar idonsa na hagu, duk inda ya duba yana nan. Har yau bai gushe ba.

Wanda ya fara zuwa gaishe shi daga Kwarin Baushe mai gari ne da kansa, a kan jaki. Ya zauna a bakin tabarma ya ce kwana shida ke nan ba a yi ɓari ba, matan nan uku sun tashi, ba kuma wanda ya sake kwanciya. Sannan ya ce, "Malam, na tambaye ka abin da ka zuba wa dabbobinmu a gaban jama'a. Na zo in nemi gafara, in na koma kuma zan faɗa a gaban jama'a." Malam Alkasim ya ce ba komai, shi ma da shi ne haka zai tambaya. Ya tambayi tumakin Mero. Huɗu suka rage mata cikin tara.

Amsar jinin ba ta zo ba sai bayan wata huɗu. Babban likitan dabbobi ne ya kawo ta da kansa, ya ce alamun sun nuna wani zazzaɓi ne da sauro ke ɗauka, wanda ƙwayarsa ta fi ƙarfin madubin duba ƙwayar cuta da suke da shi. Ya ce akwai sauron da ke saka ƙwai a ƙasar fadama, ƙwan ya jure rani, in ruwa mai yawa ya rufe wurin ya ƙyanƙyashe gaba ɗaya. In ya tarar da dabba a kusa, kuma ruwa ya ci gaba da kwanciya wasu saurayen suna hayayyafa, sai ciwon ya bazu. Ya tambayi Malam Alkasim a wane littafi ya karanta. Malam ya ce bai karanta ba, tsakuwa ce ta nuna masa.

Bana, tun kafin ruwan farko, ya bi garuruwan da suka yi madatsa da garake irin na Kwarin Baushe, daga yankin Dungas har Magarya, da ido ɗaya da rabi, yana faɗin abu guda. Bai ce kowa ya bar noman rake ba, don ya san abin da ya fitar da mutane daga yunwa. Cewa yake a bar wa dabba hanya da wurin kwana nesa da ruwa, a yi wa madatsa mafita. Wasu sun ji. Wasu sun ce tsufa ne ya kama shi. A Kwarin Baushe kuwa an kafa duwatsu a gefe biyu na burtali, liman ya yi addu'a a kansu, kuma daminar bana ta wuce lafiya.

Alkasim na Yakura, mai hannun sanyi a kan dabba, kai ne ka ce "laifina ne" a ranar da kowa ke neman wanda zai ɗora wa. Kai ne ka ce "ba ni da tabbas" a inda wani zai rantse don a yarda da shi, kuma saboda haka aka yarda da kai. Ka ba da wani sashen ganinka a kan tumakin da ba naka ba. 'Ya'yan Bukar ba za su sami ubansu ba, wannan kai ma ka ce yana ci maka rai, don da ka gane da kwana uku da wuri wataƙila da yana nan. Amma akwai gidaje da yawa a gabashin Dogo-Dogo da ba a yi zaman makoki ba, kuma masu gidajen ba su ma san daga me suka tsira ba.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya kiyaye maka idon da ya rage, ya sa hutun da za ka shiga ya zama mai albarka, ya saka wa Yakura, matar da ta yi tambayar da ta dace a lokacin da ta dace.

Ku kuma da za ku karɓi jakarsa, da ku masu gari, da shugabannin samariya, da duk mai shirin kiran gayya don tare ruwa ko faɗaɗa gona, ƙasar nan za ta ci gaba da sauyawa, don bakuna suna ƙaruwa kuma dole a ci. Ba wanda ya ce ku fasa. Amma kafin a sara shebur na farko, a sami mutum ɗaya a cikinku da zai fita da magariba, ya je inda aka ɗaure dabbobi, ya durƙusa ya duba yadda suke. In ya ga abin da ba daidai ba, ya dawo ya faɗa a gaban kowa, ko da shi ne ya kawo shawarar tun farko.